Wa ke riƙe da bakin teku? Fashin baƙi kan shugabancin masunta a Elmina

Mai zuwa Elmina, garin masunta da ke gaɓar tekun Ghana, yawon buɗe ido, ƙaton sansanin dutsen nan yake zuwa gani, wanda 'yan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Turawan Ingila suka karɓa a 1872. Abincin garin kuwa yana can ƙarƙashin gadar da ke gefen sansanin, inda tafkin Benya yake haɗuwa da teku, inda ɗaruruwan kwalekwale suke cunkushe kafaɗa da kafaɗa, kowanne da tutarsa da sunansa a rubuce da fenti. A wannan ɗan wuri ana yanke hukunci iri-iri kowace safiya: wa zai fara sauke kifi, nawa za a sayar da kwano, wa zai samu mai, wa zai biya tarun da aka yaga, wa zai fita neman waɗanda ba su dawo ba.

Gaɓar tekun Ghana ta kai kimanin kilomita 550, tana da wuraren sauke kifi wajen 300 da kwalekwale fiye da 12,000. Kusan kashi 60 cikin ɗari na naman da mutanen ƙasar suke ci kifi ne, kuma bandar da ake yi a Elmina da Shama da Apam ita ce take hawa mota zuwa Kumasi da Tamale da Bolgatanga, ta shiga tukunyar zango da ta ƙauye. Saboda haka idan shugabanci ya lalace a bakin teku, har wanda bai taɓa ganin teku ba sai ya ji a miyarsa.

Matsalar shugabancin wurin a rarrabe take. Wanda masunta suke jin maganarsa ba shi da doka a hannu. Wanda yake da doka yana can Accra. Majalisar da take kusa da jama'a ba a ba ta harkar kifi ba. Kuɗin da gwamnati take turowa kuma, an bi da shi ta hanyar da take zubar da mutuncin kujerar da mutane suka fi yarda da ita.

Sarkin masunta da uwar kasuwar kifi

Kowane garin masunta yana da sarkinsa. 'Yan ƙabilar Fanti suna kiransa Apofohene, 'yan ƙabilar Ga na Accra suna cewa Woleiatse. Wanda ya san matsayin Sarkin Ruwa a Argungu ko Yawuri zai gane kujerar nan take. Yana ƙarƙashin babban sarkin ƙasa, a Elmina wato Omanhene na Edina (Edina shi ne sunan Elmina na gargajiya), kuma yana da dattawan da yake zama da su, yawancinsu masu kwalekwale ne da tsofaffin matuƙa. A garuruwa da yawa sarautar gado ce ta gida ɗaya, a wasu kuwa masunta ne suke zaɓa, amma ko ina ana son mutumin da ya yi shekaru a kan ruwa.

Aikinsa na yau da kullum sulhu ne. Taru biyu sun sarƙe a teku, an yanke ɗaya domin a ceci ɗaya. Kwalekwale ya bugi wani a mashiga. Yaron jirgi ya karɓi kuɗin wani maigida, ya gudu ya koma wa wani. Mata biyu kowacce tana cewa ita ta sayi man tafiyar, don haka kifin nata ne. Irin waɗannan ƙararraki idan aka kai su kotu sai su shekara, shi kuwa yana gama su kafin la'asar, domin ya san farashin taru, ya san wa ya fara jefawa idan aka kwatanta masa yadda igiyar ruwa take a ranar, ya kuma san iyayen masu rigimar. Idan kwalekwale bai dawo ba, shi yake tara mai da mutane a fita nema. Idan teku ta turo gawa, shi ake fara faɗa wa. Baƙin masunta da suka biyo kifi daga wani gari gare shi suke fara zuwa gaisuwa, su ba da abin al'ada, a nuna musu inda za su ɗaure jirgi. Shi ne kuma mai tsaron ranar Talata, ranar da ba a fita teku a yawancin garuruwan Fanti da Ga, ranar ɗinkin taru da zaman sulhu.

Duk wannan nauyi a kan yardar mutane kawai yake tsaye. Dokar kamun kifi ta 2002, wadda aka yi aiki da ita sama da shekara 20, ba ta ba shi ikon kama mai laifi ko cin tara ba. Dokar sarauta ta 2008 ta amince da sulhun gargajiya, amma sai idan ɓangarorin biyu sun yarda su zauna. Ranar da wani mai kuɗi ya ce ba zai amsa kira ba, abin da ya rage wa sarkin shi ne kunya da matsin jama'a.

A ɓangaren mata akwai Konkohemaa, shugabar masu saye da bandar kifi. Bisa al'ada, ita da 'yan majalisarta suke zama da masu kwalekwalen da suka fara isowa a yi ciniki, farashin da aka tsayar shi ne na safiyar, sai idan kifi ya yi yawa ko ya yi ƙaranci a sake zama. Mutane da yawa ba su san cewa jarin sana'ar a hannun mata yake ba. Manyan 'yan kasuwar kifi su suke biyan kuɗin mai da ƙanƙara da abincin tafiya, wasu ma su ne masu kwalekwalen da injin. Idan an dawo, a cire kuɗin tafiya, sauran a raba tsakanin masu kayan aiki da yaran jirgi, galibi rabi da rabi. Wannan bashi ne ya rage ƙarfin Konkohemaa: kwalekwalen da wata ta biya wa mai, kifinsa ya riga ya zama nata tun yana teku, farashin safiya bai shafe shi ba. Duk da haka, duk wani shirin gyara da aka zauna aka tsara da maza zalla, an bar masu riƙe da jakar kuɗin a waje.

Majalisar da take kusa amma hannunta gajere

Elmina ce hedikwatar majalisar Komenda-Edina-Eguafo-Abirem, ɗaya daga cikin majalisun ƙananan hukumomi 261 na Ghana. Tsarin mulkin 1992 ya ce kowace mazaɓa ta zaɓi wakili ɗaya, shugaban ƙasa kuma ya naɗa wasu da ba za su wuce kashi 30 cikin ɗari ba. Shugaban gundumar ma shugaban ƙasa ne yake kawo sunansa, sai kashi biyu cikin uku na wakilan da suka halarta suka jefa ƙuri'a su amince. An shirya ƙuri'ar raba gardama a ranar 17 ga Disamba 2019 a kan shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi, matakin da aka ɗaure da batun a riƙa zaɓar shugabannin gundumomi kai tsaye, amma Shugaba Akufo-Addo ya soke ta ana saura makonni kaɗan. Sakamakon wannan tsari a fili yake: shugaban gunduma ya san wanda ya ɗora shi, ya kuma san wanda zai iya sauke shi, kuma ba masunta ba ne.

Wakilin mazaɓa, wanda mutanen zango suke kira asambuliman, shi ne ma'aikacin jama'a na gaskiya a wannan tsari. Ba ya tsayawa da tutar jam'iyya. Shekara da shekaru ba shi da albashi sai alawus na zama, sai a 2025 aka fara ware wa wakilai alawus na wata. Amma ƙofarsa ake bugawa idan kwata ta toshe, idan banɗakin jama'a ya cika, idan igiyar ruwa ta shiga gidaje da dare, idan ana neman kuɗin asibiti. A ƙarƙashinsa akwai kwamitin unguwa mai mutum biyar. Waɗanda suke fitowa zaɓen nan a 'yan shekarun nan wajen kashi ɗaya cikin uku ne na masu rajista.

Kuɗin majalisa kashi biyu ne: abin da ta tara da kanta daga harajin kasuwa da na gidaje da lasisi, da kasonta daga asusun bai ɗaya, wanda tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Kason yakan makara, wani lokaci da watanni, shi ya sa ake ganin rumfar kasuwa ko banɗaki an kai linta an tsaya. Babban giɓin kuwa shi ne lasisin jirage da rajistar kwalekwale da kamen masu laifi duk suna hannun Hukumar Kamun Kifi da ma'aikatarta. Majalisa tana karɓar haraji a bakin teku, tana kwashe shara, amma ba ta da ta cewa a kan wanda zai shiga ruwa.

Hanya ɗaya da take da ita ita ce dokar gunduma, kuma a nan ne garuruwa da dama suke yin tuntuɓe. Masunta za su taru su amince da ƙa'ida, misali hana ɗiban yashi a gaɓa ko hana yara 'yan makaranta shiga jirgi. Wakili ya kai wa ƙaramin kwamitin shari'a da tsaro, daga nan zuwa kwamitin zartarwa, sannan babban zaman majalisa, wanda doka ta ce a yi aƙalla sau uku a shekara. Bayan nan a tura wa majalisar daidaita ayyuka ta yanki, a ƙarshe a buga a gazet, wato jaridar da gwamnati take wallafa dokoki a ciki. Matakin ƙarshen nan kuɗi yake ci, kuma shi aka fi mantawa. Dokar da ba a buga ba, ko an kama mutum, lauyansa tambaya ɗaya zai yi alƙali ya sallame shi. Ko an buga ma, iyakarta iyakar gunduma. Kifi da kwalekwale ba su san iyaka ba: a hana abu a Elmina, mai yi ya je ya sauke a Moree ko Shama.

Man firimis

Idan ana son ganin inda shugabancin bakin teku yake gyaruwa ko yake ruɓewa, a tsaya a gaban famfon mai. Injin kwalekwale, yawanci mai ƙarfin doki 40, yana shan fetur da aka gauraya da baƙin mai, wanda ake kira firimis. Tun shekarun 1990 gwamnatin Ghana take haɗa wannan mai, ta zuba masa shuɗin launi domin a bambanta shi da na mota, ta sayar wa masunta a farashi mai rangwame. Ƙa'idojin 2016 suka tsara yadda za a raba. Kowane wurin sauke kifi yana da kwamiti, sarkin masunta a kan kujera, tare da wakilan masu kwalekwale da masunta da mata masu banda da na hukuma, da sakatare da mai zuba mai. Kwamiti ya nema, sakatariyar firimis ta ƙasa ta ba kamfanin mai umarni, tanka ta ɗauko daga Tema ta juye a rumbun garin, a sa hannu a takardar isowa, a sayar a farashin hukuma. Daga ribar da aka samu, kashi 53 cikin ɗari na gari ne, a ajiye a banki domin aikin jama'a, sauran na tafiyar da kwamiti.

A takarda tsarin yana da kyau. Akwai garuruwan da suka gina ajujuwa da banɗakuna da rumfunan ɗinkin taru da wannan kashi 53 ɗin. To amma a duba lissafi. Tanka ɗaya lita 13,500 take ɗaukowa. Idan kowane babban kwalekwale zai sha duro ɗaya mai lita 200, tankar ta ƙare a kan kwalekwale 67. A garin da yake da ɗaruruwa, kuma tankar ba kullum take zuwa ba, duk wanda yake riƙe da jerin sunaye ya zama mai raba arziki. Daga nan ɓarnar take farawa, kuma kala-kala ce.

Akwai tankar da take isowa a takarda kawai. An sa hannu cewa an karɓa, man kuwa ya bi wata hanya, an sayar wa masu gauraya shi da fetur ko masu injina a tudu. A 2017 hukumar kula da man fetur ta ƙasa ta ba da rahoton karkatar da tankoki kusan 200 cikin watanni goma. Akwai kuma wadda take isowa da gaske, amma kafin mai kwalekwale ya kai bakin famfo an cika durorin mutanen da ko filafili ba su da shi. Su ɓoye a ɗaki, su jira mai ya yanke, su fito da shi a ninkin farashi. Masunci ya sayi man da aka yi rangwame dominsa a hannun ɗan bumburutu, da kuɗin da ya ranto a wajen uwar ɗakinsa. Man da aka ɓoye a unguwar da kowane gida yake da murhun banda kuwa gobara yake jira, kuma an sha yin ta a garuruwan gaɓa har da asarar rayuka.

Sai siyasa. Kusan duk lokacin da mulki ya sauya hannu a Accra, ana rushe kwamitocin a kafa sababbi, wani wuri ma matasan jam'iyyar da ta ci ba sa jiran takarda, kwaɗo suke sa wa famfo. Tsohon kwamiti ya tafi da littafinsa, sabo ya buɗe nasa, kuɗin gari ya faɗa tsakani. Sarkin masunta a nan yana tsaka mai wuya. Tsarin mulki ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya, amma an zaunar da shi a kan kujerar da ta fi kowace jawo 'yan siyasa. In ya ƙi ba da haɗin kai, a kewaye shi ko a tayar masa da rikicin sarauta. In ya bayar, gobe idan ya zauna sulhu, wanda aka hana mai jiya ba zai ga alƙali a gabansa ba, abokin hamayya zai gani. Wannan ita ce asara mafi girma, ta fi ta litocin da aka sace, domin garin ba shi da wata kujerar sulhu da zai koma wa.

A 2023 gwamnati ta ƙaddamar da famfuna masu aiki da kati a Elmina, inda kowane kwalekwale mai rajista zai sha gwargwadon kasonsa. Dabara ce mai kyau matuƙar rajistar gaskiya ce kuma na'urar tana aiki. Amma akwai matakan da ba sa bukatar na'ura, kuma garin da ya riƙe su rigimarsa takan ragu: a sanar da zuwan tanka tun kafin ta iso, a auna rumbu da sanda a gaban shaidu kafin juyewa da bayan juyewa, a liƙa sunayen kwalekwalen da suka sha da yawan litocinsu a allo a ranar, asusun banki ya zama sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga ɓangaren mata, a karanta takardar banki a taron jama'a ranar Talata, da Fanti, ba da Turanci ba, aikin da za a yi da kuɗin kuma taron ne zai zaɓa. Kwamitin da ya ƙi karanta takardar banki ya riga ya ba da amsa.

Akwai wata magana mai ɗaci da shugabanni ba sa son faɗa a gaban masunta. Mai mai arha yana riƙe kwalekwale da yawa a kan ruwan da kifinsa yake ƙarewa, kuma da shi ake tayar da janaretan kamun kifi da fitila. Janye rangwamen dare ɗaya zai jefa dubban gidaje cikin yunwa. Barinsa yadda yake kuma yana ƙara zurfin ramin. Dakatar da shigo da sababbin kwalekwale na shekara uku da aka fara a 2023 amsa ce ga rabin wannan tambaya.

Saiko, fitila, da dalilin da ya sa ba a jin magana

Kifin talaka a Ghana ƙananan kifayen saman ruwa ne, musamman sadinela, dangin wanda ake kira shawa a kasuwannin Najeriya. Yana yawaita daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan sanyi yake tasowa daga ƙasan teku da abincin kifi. A 1996 an kama sama da tan 130,000 na sadinela. A 2016 abin bai kai tan 30,000 ba.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne saiko, kuma Elmina ce ta kasance babbar tasharsa. Manyan jirage masu jan taru a ƙasan teku, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasa ne, sai suka koma kama ƙananan kifayen masu kwalekwale da gangan, har da 'ya'yan da ba su isa haihuwa ba. Su daskarar da su fale-fale, su juye wa wasu manyan kwalekwale na musamman a tsakiyar teku, a kawo gari a sayar wa matan da mazajensu suka dawo hannu wofi. Binciken ƙungiyoyin kare muhalli na EJF da Hen Mpoano ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an sauke kimanin tan 100,000 ta wannan hanya, na sama da dala miliyan 50, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na jiragen, duk da tutar Ghana da suke ɗauke da ita, masu su na ainihi kamfanonin ƙasar Sin ne. Doka ta haramta, gyaran 2014 ya sa tarar da ba ta gaza dala miliyan ɗaya ba, amma an daɗe ana sasantawa a wajen kotu a kan abin da bai kai haka ba. A Yulin 2019 wani jami'in sa ido na gwamnati ya ɓace daga kan ɗaya daga cikin jiragen. Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi a kan haramtaccen kamun kifi a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a Yunin 2021, kuma bayan wannan ne sauke saiko a fili ya tsaya a Elmina.

Masu kwalekwale ma ba su tsira daga laifi ba. Ana ɗora janareta a jirgi, a zura manyan ƙwayayen fitila cikin ruwa da dare, kifi ya taru, a kewaye shi da taru mai ido ƙanana, ƙasa da milimita 25 da doka ta yarda. Wasu suna ƙarawa da nakiya ko sinadarin kabaid. Matan banda suna gane irin wannan kifi tun a kwano: jikinsa ya saki, ba ya jure wuta, yana farfashewa a kan waya, kwana kaɗan ya lalace. Su ne suke asara, kuma su ne suke da ikon kashe kasuwarsa idan suka haɗa baki suka ƙi saye, abin da bashin da suka zuba a jiragen yake hana su.

A nan ne ake ganin iyakar ikon sarkin masunta. Ya tara mutane, a wasu garuruwa har da rantsuwa a bakin ruwa, an yarda an daina fitila. Mako biyu kowa ya riƙe. Sai garin maƙwabta ya ci gaba, jiragensu suna dawowa cike, na nan suna dawowa da bashin mai. Sai a kama wani da janareta a miƙa wa 'yan sanda, kafin magariba waya ta zo daga wani babba, an sake shi da kayansa. Washegari ya wuce ta gaban sarkin da janaretan a ka. Yaron da aka ce ya bar fitila kuma zai nuna hasken babban jirgi a cikin ruwan da aka keɓe wa kwalekwale, ya ce a fara hana wancan. Maganarsa ba ta halatta fitila ba, amma babu shugaban da yake da amsarta muddin jirgin yana wurin.

Rufe teku

Hana kamun kifi na wani lokaci ba baƙon abu ba ne a Elmina. Kafin bikin Bakatue ana rufe tafkin Benya na makonni, sai Talatar farko ta Yuli a jefa taru sau uku a gaban Omanhene a buɗe. Amma da gwamnati ta sanar da rufe teku a Agustan 2018, da ɗan gajeren wa'adi, masunta suka yi ca, aka janye. Masana sun zaɓi Agusta domin lokacin ne kifi ya fi zuba ƙwai. Masunta suka ƙi domin lokacin ne kaɗai suke biyan bashin shekara. A 2019 aka rufe daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, lokacin da masunta suka fi so, wanda amfaninsa ga kifin kaɗan ne. A 2020 ba a yi ba. Daga 2021 zuwa 2024 aka tsaya a kan Yuli ga kwalekwale, Yuli da Agusta ga manyan jirage, ana raba shinkafa da man girki, rabon da shi ma ya zama abin rigima a kan wa aka rubuta wa aka bari. A 2025 sabuwar gwamnati ta cire masu kwalekwale daga rufewar. Ƙa'idar da take sauyawa da kowane zaɓe tana koya wa mutane su jira zaɓe maimakon su bi ta. Kuma wata ɗaya na hutu ba ya haifar da komai idan ranar buɗewa aka koma da fitila da ƙaramin taru aka kwashe 'ya'yan da aka bari suka ƙyanƙyashe.

Inda abin ya yi aiki, a ƙaramin wuri ne. A bakin kogin Densu, yamma da Accra, mata masu tsintar kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, daga Tsokomey da Bortianor da Tetegu sun fara rufe wurinsu da kansu a 2017, wata biyar a shekara, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Suna auna gishirin ruwa, suna mayar da ɓawon kawa domin 'ya'ya su samu wurin maƙalewa, suna dasa itatuwan gaɓa, kuma gwamnati ta amince musu a rubuce cewa haƙƙin tsinta a wurin nasu ne. Dalilan nasarar a bayyane suke: kawa ba ta ƙaura, masu tsinta sun san juna, wadda ta yi haƙuri ita za ta ci ribar haƙurinta. Sadinela kuwa yana yawo har Kodebuwa da Togo, don haka ba za a kwafi tsarin Densu a ɗora masa kai tsaye ba. Abin ɗauka shi ne haƙƙi a rubuce. Kwamitocin kula da kamun kifi da aka kafa a garuruwa a ƙarshen shekarun 1990 da kuɗin Bankin Duniya sun watse da aikin ya ƙare, saboda ba su da gindi a doka kuma ba su da kuɗin kansu. Manufar gwamnati ta 2020 ta haɗin gwiwa da masunta wajen kula da kamun kifi ta zo ne domin toshe wannan ɓaraka.

A Agustan 2025 Shugaba Mahama ya sa hannu a sabuwar dokar kamun kifi, wadda ta faɗaɗa ruwan da aka keɓe wa kwalekwale daga mil 6 zuwa mil 12 na teku. Ruwan ya ninka, jiragen sintiri ba su ninka ba. Waɗanda suke wurin kowane dare masunta ne, kuma da yawansu suna da wayar da za ta ɗauki hoton jirgi da lambarsa da inda yake. Abin da ake bukata daga hukuma shi ne tebur ɗaya da zai karɓi rahoton ta hannun sarkin masunta, ya ba da lambar shaida, ya gwada da na'urar bin sawun jirage, sannan ya dawo bakin teku ya faɗi abin da aka yi: sunan jirgin, tarar da aka ci, da ranar da aka biya. A Afrilun 2025 ma'aikatar ta dakatar da lasisin manyan jirage huɗu na wata 12, ta kuma bayyana sunayensu. Irin wannan sanarwa ce sarkin masunta yake bukata a hannunsa kafin ya kira taron Talata a kan maganar janareta.